Karatun tsakar gida a Aboabo

Daren 15 ga Maris 2020 shugaban ƙasar Ghana Nana Akufo-Addo ya fito a talabijin ya ce daga gobe an rufe makarantu saboda korona. Lokacin muna unguwar Aboabo a Kumasi, ciki da falo a gidan haya mai jama'a. Yarana uku: babbar, wadda ƙannenta ke kira Yaya, tana da shekara 10 tana aji biyar, namijin da ke bi mata yana da 7, Auta kuma 4, ko riƙon fensir ba ta gama iyawa ba. Ni malama ce a wata firamare mai zaman kanta, saboda haka sanarwar ta zo mini da abu biyu a tare: yara sun dawo gida, albashi ya tsaya. Bayan mako guda aka rufe iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa baban yara kai tsaye, don shadda da atamfa yake sarowa daga Lome da Kano. Ƙarshen watan kuma aka kulle Kumasi da Accra har mako uku.

Da yake koyarwa ce sana'ata, sai na ɗauko abin da na sani. Na rubuta jadawali a kwali na manna a bayan ƙofa, lissafi da Turanci da kimiyya, kowane darasi da lokacinsa. Amma aji cike da tsararrakin juna ya fi sauƙin riƙewa a kan yara uku da kowa ke matakinsa. Ina nuna wa Yaya raba lamba, namijin ya gama nasa ya sulale wurin ƙwallo. Kafin in kamo shi Auta ta zane littafin yayarta. Gwamnati ta buɗe tashar darussa a talabijin, kuma ta amfani Yaya, sai dai darasin da ya dace da ita bai dace da sauran ba. Kafin azahar muryata ta dishe, ran kowa a ɓace.

A cikin kayan da na gada na mahaifina, Allah ya jiƙansa, akwai adakar littattafai. Ya yi karatu a Kano yana saurayi, ya dawo da littattafan addini da wasu na Hausar boko. Wani dare aka ɗauke wuta, zafi ya hana barci, yara suna ta rikici a kan mafici. Na kunna fitilar waya, na ɗauko Magana Jari Ce littafi na ɗaya, ba don komai ba sai don su yi shiru. Littafin Abubakar Imam ne, ya fara fitowa a 1937, kuma da ma don 'yan makaranta aka rubuta shi. Aku ne ke riƙe ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya bar fada ya faɗa tarkon mugun waziri. Na karanta ɗaya zan rufe, namijin ya ce, "Mma, akun bai gama ba ai." Yaya, wadda ta juya mana baya tana nuna ta girmi tatsuniya, ita ce ta gyara mini riƙon fitilar.

A daren na ga abin da jadawalina ya kasa yi: su uku a tabarma ɗaya, hankalinsu a wuri ɗaya. Daga nan na sake tsarin. Tukunyar tuwo ɗaya ce, kowa sai a yanka masa malmala daidai cikinsa. Bayan sallar isha'i in karanta labari guda da ƙarfi, kowa ya ji. Da safe, bayan koko da ƙosai, sai aiki ya rabu. Auta ta faɗa mini su wa da wa ke cikin labarin, ta zana aku da gawayi a simintin tsakar gida, ta nemo mini harafi guda a shafin, duk inda ta gan shi ta ɗora yatsa. Namijin ya maimaita labarin da baki daga farko har ƙarshe, ba tsallake, sannan ya kwafi layi uku. Yaya kuwa ta rubuta shi a taƙaice da Turanci, ta kuma amsa tambaya guda da zan ba ta, irin su: wa ya fi laifi, wanda ya yi ƙaryar ko wanda ya yi saurin yarda? Lissafi ne kaɗai nake zama da kowa daban, ɗaya bayan ɗaya, sauran suna kan aikin labari.

Akwai wata wahala da wanda ba ɗan zango ba, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi a Ghana, zai yi wuya ya gane. Yaranmu da Hausa suka tashi, suna jin Twi, harshen Asantawa, suna karanta Turanci, suna karanta Alƙur'ani a makaranta, amma ka ba su Hausa a rubuce sai su tsaya suna kallo. Hausa ba ta cikin harsunan da ake koyarwa ana jarrabawa a makarantun gwamnatin Ghana. Ɗan Aboabo Asante Twi zai rubuta. Ga shi Hausar littafi daban da ta bakinmu: tana bambanta namiji da mace a kowace jimla, mu nan mun saba haɗe su, tana kuma da haruffa masu lanƙwasa da harshen yaranmu ya riga ya miƙar. Yaya ta kama karatun da wuri. Namijin ya sha fama, har kuka ya yi wata rana ya ce wannan ba Hausa ba ce. Ban taɓa ce musu tamu ba daidai ba ce. Na ce musu wannan ta littafi ce, waccan ta gida, kuma duka biyu nasu ne.

A Janairun 2021 aka buɗe makarantu. Da abubuwa suna yadda suke, da sun koma, ni ma na koma aji. Amma kafin nan Hajiya, mahaifiyar baban yara, ta faɗi a banɗaki, hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki. Da aka sallame ta daga asibitin Komfo Anokye wurinmu aka kawo ta, aka sa mata katifa a falo. Tana bukatar mai juya ta, mai ba ta abinci a baki, mai kai ta motsa gaɓoɓi. Ni kuma ina da ƙaramin ciki. Iyakoki na rufe, kasuwar maigida ta ja baya, kuɗin makarantar yara uku ya zama abin da ake kwana ana lissafi. Na ce masa tunda zaman gida ya kama ni, a bar mini su.

An kai ruwa rana. Yayan maigida ya zo takanas, ya zauna a bakin katifar Hajiya ya ce, "Ga makarantar gwamnati kyauta, sai a kulle yara a ɗaki ana musu tatsuniya? Gobe wa zai ba su takarda?" Tambayar tasa mai nauyi ce, kuma ban raina ta ba. A zango mun san abin da rashin takardar boko ya jawo wa iyayenmu, mun san faman da aka sha kafin a kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana a 1987, har iyaye suka saki jiki suka kai 'ya'yansu. Duk wanda ya ga uwa ta janye yara daga aji, dole gabansa ya faɗi. Maigida ya yarda bisa sharuɗɗa: za su ci gaba da zuwa makarantar allo da yamma da ƙarshen mako, don su cuɗanya da yara, za a bi manhajar gwamnati a lissafi da Turanci da kimiyya, ƙarshen kowane zangon karatu in karɓo takardun jarrabawa wurin abokan aikina su rubuta, shi da kansa zai duba makin. Wani ɗalibin jami'a da ke unguwarmu ya riƙa zuwa yana yi wa Yaya kimiyya, muna ba shi abin da ya sawwaƙa.

Zuwan Hajiya ya kashe jadawalin bayan ƙofa gaba ɗaya. Ranar asibiti babu darasin safe. Ranar da ta kwana ba barci, ni ma haka. Karatun dare ne kawai bai faɗi ba, domin ba ya neman komai sai littafi da murya. Kuma da yake a falo take, a gabanta muke yi. Da farko na ɗauka ba ta bi, don bakinta ya karkace, magana na yi mata nauyi. Wani dare na ci karo da kalmar da ni kaina ban sani ba, cikin kayan doki, na yi jim. Sai muka ji ta daga kan katifa tana ƙoƙarin furtawa. Namijin ya matsa ya kai kunnensa bakinta, ya juyo yana fassara mana: wai abin da ake ɗaure sirdi da shi ne ta ƙarƙashin cikin doki, kakanta yana da irinsa. Ta ɗaga hannun nan mai lafiya ta zana shi a iska. Daga ranar ta zama ita ce mai warware mana Hausa. Takan ce masa, "Maigidana, zo ka ji, waɗannan kishiyoyin nawa ba su san komai ba," 'yan matan su yi ta ƙorafi. Mai yi mata motsa jiki ya ce mu riƙa sa ta magana kullum. Ba sai mun ƙirƙiro dalili ba, littafi ya samar mana.

Da na haihu, mace, abu biyu suka taso. Auta ta rasa autancinta, ta koma tsotsar yatsa, ta ƙi zama a tabarma. Maganinta shi ne na ba ta muƙami: ita ce mai ɗauko littafi daga adaka, ita ce mai buɗe inda aka tsaya, ba mai taɓawa sai ita. Na biyun ya fi girma, kuma shi nake fara gaya wa duk matar da ta tambaye ni wannan hanya. Yarinya mai shekara 11 da ke gida da safe, a idon mutanen gidan haya ba ɗaliba ba ce, 'yar aike ce. Wannan ta ce ta sayo mata gawayi, waccan ta ce ta riƙe mata yaro ta shiga wanka, dangi masu zuwa barka su miƙa mata jaririya su ce ai ga mai raino nan. Na sha ganin yadda karatun 'ya mace ke mutuwa a unguwarmu, kuma ba da mugunta ake kashe shi ba, da 'yan aike-aiken nan ne. Na sa doka: daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu Yaya tana makaranta, ko da a bakin ƙofa aka gan ta. Har tufafin makarantarta na dā na sa ta riƙa sawa. Wasu sun ji haushi, wata ta daina gaishe ni na ɗan lokaci, amma dokar ta zauna.

Cikin kwanakin jego ba ni da ƙarfin karatu da ƙarfi, sai Yaya ta karɓa. Ruwan Bagaja muka shiga, shi ma na Abubakar Imam, ɗaya daga littattafan da suka fito daga gasar rubutun da aka yi a Zariya a 1933. Ramuwar gayya tsakanin Alhaji da Malam Zurƙe ta sa namijin dariya har yana birgima. Akwai wuraren da na sa alama da fensir tun da rana na ce ta tsallake saboda ƙanana. Akwai kuma inda ake mai da baƙauye abin dariya, wannan ban tsallake ba. Na bari aka karanta, sannan na tambaye su ko haka za su so a ba da labarin 'yan matan arewa masu dakon kaya a kasuwar Kejetia. Tsohon littafi ba ya zama mai gaskiya a komai don ya tsufa, kuma ina so su saba da ƙaunar littafi suna musu da shi.

Wanda ya fi girgiza gidanmu shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama firayim ministan Nijeriya. Yaro aka sace, aka bi da shi hannu zuwa hannu har ya ƙetare hamada. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma ta faɗa bauta. Daren da muka kai inda aka sayar da uwar, babu wanda ya motsa. Auta ta rarrafo ta shige jikina gefen jaririya. Sai Yaya ta ajiye littafin a cinya ta ce, "Hajiya, mu fa? Sayarwa muka yi, ko mu aka sayar?"

Na buɗe baki zan tsawatar, Hajiya ta ɗaga mini hannu. Ta ɗauki lokaci mai tsawo, tana magana tana hutawa, namijin yana goge mata baki da tsumma. Ta ce kakanta bafatake ne, daga ƙasar Kano yake zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, da kanwa da tufafi a kan jakuna, ya koma da goro. Ta ce a Salaga, babbar kasuwar Gwanja, ba goro kaɗai ake ciniki ba, har da mutane, kuma a gidan kakanta akwai matan da sayo su aka yi. Ɗaya daga cikinsu ita ta goyi mahaifiyarta, ta mutu ba wanda ya san sunan garinsu. "Ba a faɗa," in ji ta, "amma kin tambaya." Ni da na yi shekaru a gidan ban taɓa jin wannan ba, maigida ma da na gaya masa ya ce bai sani ba.

Mun yi makonni a kan wannan dare. Na zana musu hanyar goro daga dazukan Asante zuwa Salaga zuwa Kano. Na ba su labarin yaƙin basasar Salaga na 1892, wanda ya tarwatsa 'yan kasuwar garin, wasu suka gangaro kudu suka ƙara cika zangunan da muke ciki yau. Namijin ya yi lissafi da buhunan goro. Yaya ta rubuta duk abin da Hajiya ta faɗa a sabon littafi, da Hausa, ta karanta mata, tana gyara mata.

An buɗe iyakoki a Maris 2022, muka ce an samu sauƙi, sai sidi, kuɗin Ghana, ta faɗi. A Disambar shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari. Kuɗin da ke saro shadda goma ya koma ba ya sayen biyar, mai gida ya ƙara haya, dole muka tashi daga Aboabo zuwa bayan gari, inda sai ka hau motar haya biyu kafin ka kai kasuwa. Yara sun rabu da abokansu da malaminsu na allo, ɗalibin jami'ar nan ma ya yi mana nisa. A wannan lokaci wani malami abokin mahaifina ya ba ni Waƙar Talauci da Wadata ta Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, ya zama limamin Kete Krachi har rasuwarsa a 1934. Da ajami take, shi ya karanta mini na juya ta boko. Tana faɗin yadda ake wulaƙanta matalauci a ɗaukaka mai dukiya. Na yi shakkar karanta ta a gidan da nama ya koma sai ranar Juma'a, amma maigida da kansa ya ce a karanta, ya zauna aka yi da shi. Abin da ya fi burge yaran shi ne a nan ƙasar aka rubuta ta. Sun ɗauka duk Hausar da ke cikin littafi daga Nijeriya take zuwa.

Turanci bai kwanta ba duk wannan lokaci. Mukan je ɗakin karatu na jihar Ashanti da ke harabar cibiyar al'adu mu aro littattafai, Yaya ta karanta Things Fall Apart na Chinua Achebe ita kaɗai. Sai dai na san iyakata. Jarrabawar BECE, ta kammala ƙaramar sakandare, ta hannun makaranta ake yi wa ɗalibi rajista, makin aikin aji yana shiga sakamakon, kuma da shi ake tura yaro babbar sakandare, wadda ta zama kyauta tun 2017. Ba zan sa 'yata ta rasa wannan don ina jin daɗin zamanta kusa da ni ba. Farkon 2023 muka kai ta wata makarantar gwamnati, suka gwada ta, suka sa ta aji biyu na JHS, wato ƙaramar sakandare. A lissafi tana daidai da ajin. A kimiyya da kwamfuta tana baya, sai da ta yi da gaske. A Turanci da rubutu kuwa ta yi musu nisa. Cikin littafin adabinsu na lokacin akwai wasan Ama Ata Aidoo, The Dilemma of a Ghost, inda saurayi ya dawo daga Amurka da mata jikar bayi, danginsa suka rasa yadda za su karɓe ta. Ta dawo gida ta zauna gaban Hajiya ta fassara mata shi da Hausa, fitowa bayan fitowa. Abin da ya fi ba ta wuya ba darasi ba ne: ɗaga hannu kafin magana, da yin shiru in malami ya faɗi abin da ba ta yarda da shi ba. Ta rubuta jarrabawarta a 2024, yanzu tana makarantar kwana.

Hajiya ba ta ga wannan ba. Ta rasu cikin 2023, da asuba, Allah ya gafarta mata. Gida ya cika da masu ta'aziyya, ba a buɗe adaka ba har aka yi addu'ar arba'in. Ni ban iya komawa ba, don duk kalmar da ta tsaya mini sai in juya wajen da katifarta take. Namijin ne ya karɓi karatun, shi da ya taɓa kuka a kan haruffa masu lanƙwasa. Kalmar da ta gagare mu yakan rubuta ta a takarda, ranar Juma'a ya kai wa tsofaffin masallaci.

Mata kan tare ni a wurin suna ko biki su ce su ma suna so su gwada. Nakan tambaye su: wa zai riƙe lissafi da kimiyya in yaro ya wuce aji huɗu? Maigida ya yarda da zuciya ɗaya? Za ki iya hana a aiki 'yarki da safe? In babu amsa, ina ce musu su bar yara a makaranta, su ɗauki karatun dare kawai, don shi ba ya bukatar a cire kowa daga aji. Biyu daga maƙwabtanmu sun fara turo nasu ranar Asabar.

Namijin zai shiga JHS a sabuwar shekarar karatu, wannan mun riga mun yanke. Auta ce yanzu ke kwafar layi uku, ƙaramar kuma ta gaji neman harafi. Muna tsakiyar Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin da ya yaƙi Turawa a wajen Kwantagora. Na haɗa masa shi da yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, lokacin da Asantawa suka yi wa gwamnan Ingila ƙawanya a ganuwar Kumasi, na kuma gaya masa cewa cikin sojojin da ke gadin gwamnan akwai Hausawa. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. Ya ce yaya Bahaushe zai yaƙi Bature a can, ya kare shi a nan? Na ce ya rubuta mini shafi biyu a kai. Ya ce ba zai rubuta ba sai ya ga ganuwar da idonsa, tunda tana nan cikin gari an mai da ita gidan tarihin soja. Babansa ya ce Asabar mai zuwa in ya rufe shago da wuri zai kai mu.